Ruwa Na Cin Kabarin Mijina

Mai unguwa Pwajok ya yi dariya da na ce masa igiyar ruwa na cin kabarin mijina.

"Mama Atine, a Jos? Wane teku muke da shi?"

"Ranka ya daɗe, tashi ka sa takalmi. Ban zo hira ba."

Mijina Sharafaddeen mai wankin kuza ne. Da ya rasu, a gonarsa muka binne shi, bakin tsohon kududdufin haƙar kuza da ke hanyar Kuru. A da akwai manyan duwatsu bakwai jere a gaɓar. Iska ta taso, ta turo ruwa, ruwan ya mari dutse ya koma. Shekara ashirin ana haka, abin da ya iya yi kawai shi ne goge musu fuska har suka yi sumul.

Sai ga Ishaku, ɗan ƙanin mijina, da masu fasa tsakuwa. Suka tara tsofaffin tayoyi a kan duwatsun, suka kunna wuta, da dutse ya yi zafi suka kwara ruwan sanyi, ya farfashe. Abin da rana da damina suka kasa tun zamanin kakanni, su sun gama shi a sati uku. Tifa ta kwashe.

Na kai mai unguwa wurin, aka kira Ishaku. Ya iso yana kaɗa makullin mota.

"Inna, dutse ne fa kawai. Ban taɓa kabari ba."

"Rufe min baki, marar kunya. Wanda ke kwance nan shi ya goya ubanka."

Na sauka gaɓar da sandata. Abin da ke bayan duwatsun ruɓaɓɓen dutse ne, irin wanda muke murzawa da hannu ya zama yashi. Na tura sandar a ramin da ruwa ya ƙwaƙule ta ƙasa, ta shige duka. Na nuna musu turakun da nake kafawa a bakin gaɓar duk ƙarshen damina tun da aka kwashe duwatsun: na bara waccan yana cikin ruwa, na bara ya karkace. Daga baki zuwa kabarin saura taku huɗu.

Pwajok ya durƙusa, ya zura hannu har kafaɗa. Ƙasa ta zubo masa a riga. Bai sake dariya ba.

"Ishaku, a mayar da duwatsun."

"Baba, ai sun zama dakalin mutane a Kabong."

"To a zuba wasu."

Na ce, "Ba zai yi ba. Ta ƙasa wurin ya riga ya rarake. Ku ɗora nauyi, ya rufta da kabarin."

Ruwan na ta ɗan marin gaɓar kamar ba shi ba.

"Me kike so, Mama?" in ji mai unguwa.

"Na tambayi liman, ya ce ya halatta a ɗauke mijina a sauya masa kabari. Amma ban yarda a yi hayar kowa ba. Hannun da ya kunna wutar nan shi zai haƙa."

Ranar Talata da hantsi Ishaku ya haƙa sabon kabari can kan tudu, tafinsa duk ya fashe. Maza suka ɗauko baffansa, ni ina tsaye daga nesa.

Da suka gama ya zo ya tsuguna a gabana.

"Inna, ki yafe min."

"Koma ka faɗa wa baffanka," na ce. "Ni tukuna."