Wanda Ya Zubo Ruwan

Auta tana durƙushe gaban gado tana wanke wa Gwaggo gyambon ƙafarta, ko rigar aikin asibiti ba ta cire ba, sai hayaniya ta tashi a kicin. Yaya ne, babban ɗan Gwaggo, yake yi wa matarsa faɗa don ta ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa.

"Sai kin ƙona wani hankalinki zai kwanta?"

"A'a, dakata malam," in ji matar. "Kai ne za ka yi mini wa'azin ruwan zafi? Kai da ka kifa wa Auta tukunya guda tana rarrafe, aka bar uwarta da laifi?"

Ƙafar Gwaggo ta motsa a hannun Auta.

Tabon ya fara daga kafaɗarta ta hagu har gwiwar hannu, kuma tun da ta yi wayo labari ɗaya aka ba ta a kansa. Wai uwarta ce ta bar tukunya a wuta ta tafi hira maƙwabta, da abin ya faru kunya ta sa ta gudu, ba ta ƙara waiwayo ba. Gwaggo, yayar babanta, ita ta raine ta. A makaranta Ƙonanniya ake kiranta. Duk ranar da aka tsokane ta, sai ta dawo gida ta tsine wa matar da ko fuskarta ba ta sani ba, Gwaggo tana shafa mata kai tana cewa ta bar ta da Allah.

"Gwaggo, kin ji abin da aka ce?"

"Rabu da ita, bakinta ba linzami."

"Ba bakinta na tambaye ki ba. Wa ya zubo mini ruwan?"

Tsohuwar ta juya fuska bango. "Yaro ne a lokacin, wasa yake. Ni mijina ya rasu, ina raɓe a gidan ƙanena da marayu. Kin san zuciyar babanki, Allah ya ji ƙansa. Da ya ji gaskiya, a titi za mu kwana."

"Shi ne kika tura uwata titin a madadinku."

"Ita ai yarinya ce, tana da iyayenta."

"Guduwa ta yi ko korar ta aka yi?"

Matar Yaya ce ta amsa daga bakin ƙofa, muryarta ta yi sanyi yanzu.

"Saki babanki ya yi, tana rantsuwa tana kuka. Ta yi ta zuwa ƙofar makarantarku don ta gan ki. Gwaggo ta je ta ce wa maigadi mahaukaciya ce mai satar yara."

Auta ta tuna matar. Doguwa, mai baƙar jaka, tana tsaye a tsallaken titi lokacin tashi. Maigadi yana fatattakar ta da sanda, su kuma 'yan aji suna bin ta da ihu. Har da Auta aka yi ihun. Har dutse ta taɓa jifa.

"Ke ma kin sani," ta ce wa matar Yaya. "Wa kuma ya sani?"

"Kowa, Auta. Ni a satin da na shigo gidan nan na ji."

Yaya ya leƙo yana sosa ƙeya. "Haba ƙanwata, ki yi haƙuri. Abu ne ya riga ya wuce."

"Ya wuce a jikin wa? Kana zaune a gidan nan ina zagin uwata, kana jin daɗin abincinka!"

"Ban ci da ke ba?" Gwaggo ta ɗaga murya. "Ban kai ki har kika zama ma'aikaciyar jinya ba? Wannan ce sakayyar?"

Sai da Auta ta gama aikinta. Ta shafa maganin, ta naɗe bandejin tsaf, ta miƙa wa Yaya almakashi da auduga.

"Safe da yamma ake wankewa. Ka koya."

Matar Yaya ta biyo ta har ƙofar gida ta yi mata kwatancen inda uwarta take: shagon ɗinki ne a bayan tashar mota, can ƙarshen gari, kusa da mai gyaran waya.

Bas biyu ta hau kafin ta isa. Shagon ƙarami ne, yadudduka rataye a igiya, fanka tana juyi da ƙyar. Wata doguwar mata mai furfura da tabarau tana taka keke, ta danne bakin zane da yatsu. A hanya Auta ta shirya maganganu da yawa, amma ba ta yi tunanin da wane suna za ta kira ta ba.

Matar ta ɗago kai. "Sannu 'yammata. Ɗinki ne?"

Auta ta zauna a bencin masu jira, ta ɗora jakarta a cinya.

"Ki gama wanda ke hannunki," ta ce. "Ba sauri nake ba."