Numfashin Mai Busa

Ranar da zafin bazara ya lanƙwasa faya-fayen garmahon Alhaji Ishaƙ kamar gurasa, Hajiya Haulatu ta ɗauka gidan ya huta da kiɗan jaz. Ashe ta yi saurin murna. Tuni mijin nata ya kwashe su kaf zuwa wata 'yar na'urar ajiya mai girman tafin hannu, a tsarin da yake kira FLAC, wanda a cewarsa ba ya zubar da ko ƙwayar sauti.

Tun yana tuƙa mota zuwa Damagaram ya kamu da wannan ciwo na son jaz, har ya yi ritaya a Gumel bai warke ba. Kullum bayan la'asar sai ya kunna, ya lumshe ido. Akwai wani tsohon kiɗa da mai busa ƙaho yake jan numfashi kafin ya fara. Nan Alhaji yake ɗaga yatsa.

"Kin ji shi? Mutumin nan ya daɗe a ƙasa, amma ga numfashinsa a ɗakinmu."

"Na ji, Alhaji," takan ce, tana tsince shinkafa. A ranta kuwa cewa take, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bayan bikin 'yarsu Zubaida, Haulatu ta rasa inda za ta adana bidiyon. Ranar kasuwar Maigatari, Alhaji ya tafi ta'aziyya garin Sule Tankarkar, ita kuwa ta ɗauki na'urar ba da saninsa ba, ta kai wa Lado mai tura waƙoƙi don ya sa mata bidiyon a ciki. Da ta gama cefane ta dawo, ya tarbe ta da fara'ar wanda ya yi abin kirki.

"Hajiya, wurin ya cika maƙil, sai na yi dabara. Waƙoƙin Baba nauyi gare su na banza. Na matse su sun koma MP3, na goge masu nauyin. Ko ɗaya ba ta ɓata ba."

"Za a iya mayar da su yadda suke?"

Lado ya sosa ƙeya. "Ai Hajiya, in an tace koko, dusa ba ta komawa."

Faya-fayen sun lalace, ba wani kwafi a ko'ina. A mota ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa, tana rushewa. Tsoron faɗansa bai dame ta ba kamar tunanin shirun da zai yi.

Washegari bayan la'asar ya haɗa na'urar da sifika. Haulatu ta zauna da faranti a cinya, ta ƙudura cewa da ya yamutsa fuska za ta faɗi gaskiya.

Kiɗan ya tashi. Abin da ya fara ba ta mamaki ita kanta ne. Ita da ta shekara aru-aru tana kiran abin hayaniya, nan take ta ji bambanci. Ƙaramin kacau-kacau ɗin da ke bin ganga ya koma kamar ruwa a gwangwani. Faɗin ɗakin da makaɗan suke ciki ya tsuke. Da aka zo wurin numfashin, sai wani ɗan huci dusu-dusu, wanda ba za ka ce na ɗan Adam ba ne. Ta ji zafin rashin har cikin ƙirjinta.

Alhaji ya ɗaga yatsa, idonsa a lumshe, fuskarsa cike da annuri.

"Kin ji shi? Tsaf, kamar yana gefena. Shi ya sa nake ce miki matsattsen kiɗa gawa ne."

Ta dube shi da kyau. Ta lura ya ɗaga yatsan tun kafin a iso wurin numfashin da ɗan kaɗan. Sai abubuwa suka yi ta dawo mata: sallamar baƙi da ba ya amsawa sai ta taɓa shi, rediyon da yake ƙure wa murya, yadda yake kallon leɓenta in tana magana. Ta yi ta zarginsa da share mutane, ashe kunnen ne ya daɗe da tafiya. Numfashin nan ba daga sifika yake jin sa ba, a zuciyarsa yake ajiye.

"Alhaji," ta ce a hankali.

Bai juyo ba. Ta bar maganar a bakinta, tausayi ya cika ta. Da kiɗan ya ƙare ya buɗe ido, ya ga ba ta tsince ko ƙwaya ɗaya ba.

"Yau kuma saurare kike? Kin dai ji shi, ko?"

Haulatu ta ajiye farantin, ta matso kusa da kunnensa, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Na ji shi, Alhaji. Sake sa mana."