Cokalin da 'Yata Ta Wanke

Ina cikin gugar zanen gado a ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki, sai ga ƙanena ya shigo. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ajiye dutsen gugar nan." Na ajiye. Ya ce motar da ta ɗauko Tsinke daga aiki ta yi karo da tirela, ko asibiti ba a kai da ita ba. Na tuna na kashe soket, na ninke zanen, sannan na zauna a ƙasa.

Tsinke 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Tun tana ƙarama ba ta da jiki, sunan ya bi ta har ta yi digiri biyu. Ni aji huɗu na yi na bari, don haka aikinta sai yadda ta gaya mini zan faɗa. Wata na'ura suke haɗawa da za a harba zuwa wata duniya mai ƙanƙara, tafiyar shekara shida. A jikinta akwai wani ɗan ƙarfe kamar cokali, shi zai kankaro ƙanƙarar a duba ko akwai mai rai a ciki, ko da irin wanda ido ba ya gani. Aikin Tsinke wanke cokalin nan.

Ranar da ta gaya mini, na ce mata, "Duk karatun nan, a wanki kika ƙare?"

Ta ce, "Gado na yi, Mama. Ke zanen gado, ni cokali."

"Ja'ira. To wa zai ci abinci da shi a can?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce idan ƙwayar cuta ɗaya daga hannun mutum ta maƙale a cokalin, za a isa can a gan ta, a yi ta ihu an gano rai, alhali 'yar gida ce ta bi mota.

Na ce, "Rai dai Allah ne ya fara shi."

Ta ce, "Ban musa ba. So muke mu ga ko a nan kaɗai ya fara shi."

Kwana tara bayan an binne ta na je ɗakin da take haya don in kwashe kaya. Ɗaki ɗaya ne da kicin, a bene hawa na uku. Gadon a yamutse yake yadda ta bar shi, ga kofin shayi a kan tebur, ga riga a bayan kujera. Ban iya zama na kalle su ba. Hannuna bai san komai ba sai abu ɗaya. Na tara ruwa, na zuba omo da bilic, na wanke zanen gado, rigar filo, tawul, rigunanta duka, har labule. Na wanke kofin. Na goge tebur da madubi da mariƙin ƙofa. Sai da la'asar, ina ninke rigar filon, na kai ta hancina. Ba komai sai ƙamshin omo. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa kamar mahaukaciya. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa barin tabo ba, ranar ma ban bari ba.

Na dawo gida da akwati biyu na kaya masu tsabta. Kayan kowa ma za su iya zama.

Bayan wata uku abokiyar aikinta ta zo mini gaisuwa, wata mai tabarau, mai magana a hankali. Ta zauna a bakin kujera, ta ajiye wata leda kusa da ƙafarta, ta nuna mini a waya yadda aka harba na'urar. Wuta da hayaƙi, mutane suna tafi. Tun ranar da na wanke ɗakin Tsinke nake riƙe da tambaya ɗaya.

Na ce, "'Yar nan, cokalin ya tafi?"

"Ya tafi, Mama."

"Tsinke ta riƙe shi da yawa, ko? Wata nawa tana juya shi. Ba mamaki akwai ɗan wani abu nata a jiki. Shatin yatsa, ko silin gashi."

Sai fuskarta ta washe, ita a ganinta albishir za ta yi mini. Ta ce, "Haba Mama, ko ɗaya! Sau uku aka gwada shi, ba a samu komai ba. Da safar hannu biyu take aiki, ko numfashinta bai taɓa shi ba. Duk ɗakinmu babu mai hannunta. Shugabanmu cewa yake kamar ba a taɓa taɓa shi ba."

Na ce, "Madalla. Haka na koya mata."

Na tashi na shiga kicin wai zan kawo mata ruwa. Na daɗe a can.

Da za ta tafi ta miƙo mini ledar, ta ce tarkacen durowar Tsinke ne, ta so zubarwa ta ga bai dace ba. Akwai biro biyu, da cajar waya, da katin shiga ofis, da wani ɗan gwangwanin man shafawa. Ta ce sinadarin wankin yana tsattsage musu hannu, kowa da nasa man.

Sai da ta tafi na buɗe gwangwanin. Man ya kai rabi. A tsakiyarsa ga wurin da yatsu biyu suka lakata, sirara, sun ja zuwa gefe cikin sauri, irin na wanda ake jira a mota.

An ce saura shekara biyar da wani abu na'urar ta isa. Ko su samu rai ko kada su samu, abin da suka gani nasu ne na gaskiya, ba 'yar gida ba ce ta bi mota. Wannan na san shi.

Ɗakina yana ɗaukar zafi da rana, man kuma ba ya son zafi. Kullum kafin in fita aiki nakan jiƙa tsumma, in naɗe gwangwanin, in tura shi ƙarƙashin gado ta wajen bangon da rana ba ta bugu. In na dawo in buɗe in duba. Har yanzu bai narke ba.