Wankan Jego a Bakin Teku

Akwati ɗaya. Ƙatuwar tukunya mai cin bokiti biyu. Ƙullin busasshen ganyen darbejiya. Kanwa a gwangwanin madara. Garin gero. Bargo uku. Takardar likita a aljihun Maharazu.

Jirgin ƙasa ya baro London, ya wuce masana'antun Dagenham, ya miƙa bakin teku. Maharazu na tsaye a bakin ƙofar tarago, ga kuma kujera ba kowa. Kujerar tana fuskantar surukarsa ce, Inna Hansai, shi kuwa tun da ya auri 'yarta bai taɓa zama gaba da gaba da ita ba.

Daga inda yake yana ganin ƙafafun matarsa. Karimatu ta zare takalmi don ya daina shigarta. Kwananta goma sha tara da haihuwa, ƙafafun sun kumbura har idon sawu ya ɓace. A zaune take, amma numfashinta na wadda ta hau bene da gudu ne.

Shekarar 1976 ce. Gwamnati ta ji kuɗin fetur, ta turo su Maharazu karatun injiniya da iyalansu. Da haihuwa ta gabato, aka ce a gida yarinya ba za ta yi jego ba babba a kusa, aka sa Inna Hansai a jirgi daga Kano. An gaya mata ƙasar sanyi za ta. Ta iso ta tarar da zafin da Turawan kansu ba su san irinsa ba. Sama ta ƙi ruwa, ciyawar filayen shaƙatawa ta ƙone ta yi ja. Flat ɗinsu, gidan haya a unguwar Whitechapel, a hawa na uku yake, an gina shi ne don ya riƙe ɗumi, tagoginsa ba sa buɗewa fiye da tafin hannu.

Wannan bai hana Inna komai ba. Safe da yamma a tafasa ruwa, ta tsoma ganye tana fyaɗa wa Karimatu har tururi ya cika banɗaki. A fito a sha kunun kanwa. Da babu gadon ƙasa da za a zuba garwashi, sai ta tura hita ƙarƙashin gado. Rediyo na roƙon mutane su yi tattalin ruwa, Maharazu kuwa shi ke ɗauko tukunyar daga kicin, ya dire ta a ƙofar banɗaki, ya juya.

Likita Haggai, mutumin Wusasa, abokinsa tun makarantar kwana, shi ya duba ta a asibitin unguwar. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Na ga irin wannan a Zariya har na gaji," ya ce. "Zuciyarta ce ta gaza. Zafi da kanwa ne suka jawo. A daina yau."

"Ka gaya wa Inna mana."

"Ni na auri 'yarta? Kai da kake injiniya, in inji ya ɗau zafi wuta kake ƙara masa?"

Ya so ya ba ta gado. Karimatu ta sa kuka, ta ce mai jego ba ta kwana a hannun baƙi. Sai ya rubuta ƙwayoyi, ya ce aƙalla a fitar da ita daga wannan flat ɗin, a kai ta inda iska ke kaɗawa. In numfashin ya ƙaru a dawo masa da ita, kada a tsaya shawara.

A gida Maharazu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Karimatu, ki gaya wa Inna likita ya ce a dakata da wankan."

Inna na zaune taku biyu daga gare shi. Bango ta duba ta ce, "A gaya wa likita na haifi tara."

Daga nan bai ƙara ba. Ya kama ɗakuna biyu a wani masauki a garin Southend na bakin teku, ya zaɓe shi ne don an ce masa baƙi ba sa girki a can. Inda babu murhu babu wanka, ba kuma sai ya buɗe baki ba. Da suka zo tasha ya waiwaya, sai ga tukunyar a kan Inna, ta yi mata gammo da ɗankwali.

Suna sauka daga jirgi iska ta tare su. Iska ce mai sanyi, mai warin gishiri, ta taso daga teku da baƙin hadari a bayanta. Kafin su sami tasi an fara yayyafi. Turawa sun fito bakin shaguna sun ɗaga fuska sama suna dariya. Karimatu ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta yi kwanaki ba ta ja ba. Maharazu ya ji wuyansa ya saki.

Inna ta kwance kaya nan bisa titi, ta lulluɓe Karimatu da bargo, ta ƙara wani.

Mai masaukin wata dattijuwa ce, Jane. Maharazu ya hau da akwati, ya buɗe tagar ɗakin Karimatu, ya jera mata filo uku don ba ta iya kwanciya miƙe. Da ya sauko ya tarar da Inna a kicin. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Sai ta nuna jaririyar, ta nuna tukunya, ta nuna sama. Jane da kanta ta cika tukunyar ta ɗora a wuta, tana ce masa ai yanzu da ruwa ya sauka ba wanda zai yi ƙorafi, mahaifiyarsa ta dafa duk abin da take so.

Ya buɗe baki zai ce ba mahaifiyarsa ba ce, ya ga ba abin da hakan zai gyara.

Bayan la'asar ruwa ya kece sosai. Karimatu na jingine, leɓɓanta sun yi duhu, jikinta na ɗan rawa. Ya ɗage bargon ya danna ƙaurinta yadda Haggai ya yi. Ramin ya zauna. Yana nan tsugune Inna ta shigo, ya miƙe ya ja baya. Ta je ta rufe tagar, ta sa yatsa daidai inda nasa ya bari.

"Ga shi nan," ta ce. "Sanyi ya shige ta. An ɗauko ɗanyen jiki an kawo shi bakin ruwa."

"Karimatu, ki gaya wa Inna tun muna London kumburin yake."

"Tun ranar da aka fara ba ta ƙwayar Bature yake." Har yanzu bango take duba. "Tara na haifa. A cikinsu Hadizatu ce kaɗai ba ta cika arba'in ɗin wanka ba, mijinta ɗan boko ya ce ƙauyanci ne. Ita na binne."

Ta goya jaririyar ta fita. Jim kaɗan muryarta ta taso daga ƙasan bene: "A zo a ɗau ruwa."

Ya sauka. Ya naɗe hannuwansa da tawul, ya ɗauko tukunyar, tururi na dukan fuskarsa, ya hau da ita mataki-mataki. Ya dire ta a ƙofar banɗaki kamar kullum. Ya koma ɗaki.

Karimatu ta riga ta sauko da ƙafafunta. Ta miƙe, ta yi taku uku, ta kama ƙarfen gado ta tsaya. Yana jin ƙirjinta na kurkur kamar ana zuƙar ruwa da tsinke.

"Malam, ka kama ni in ƙarasa. Tana jira."

"Zauna."

"In Inna ce ke da gaskiya fa?"

Ya dube ta. Shekara huɗu yana karatun tururi da bututu, bai san komai a kan abin da ke cikin ƙirjin matarsa ba. Maganar Haggai kawai yake da ita, da ramin yatsa a ƙauri, ita ma Inna ramin nan ne hujjarta.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya zaunar da ita a bakin gado. Ya buɗe tagar, iska ta shigo da feshin ruwa. A waje ya ji takun Inna tana tahowa, da warin jiƙaƙƙen darbejiya. Ya san abin da za a faɗa a kansa a gida, da bakin da zai faɗa. Ta bayyana a bakin ƙofa, ganye a hannu yana ɗiga, jikarta a baya.

Bai iya duban idonta ba. Ya tura ƙofar a hankali har ta rufu, ya murza makulli, ya jingina goshinsa da katakon.

"Inna," ya ce, karo na farko da ya yi mata magana ba ta bakin kowa ba. "Ki gafarce ni. Ba za a ƙara yi mata wanka ba. A jirgin ƙarfe shida zan mayar da ita asibiti."