Hon a Gaban Majalisar Kawu Daudu

Salamu alaikum mutanena na wannan shafi, har da ku masu karantawa ku sulale ko sannu babu, ina ganinku. Yau labarin wani bawan Allah na kawo muku, ɗan nan Kazaure, Jalaluddeen. Ku gyara zama. Amma ban yi muku alkawarin za ku yi dariya har ƙarshe ba.

Jalaluddeen, in ba ku san shi ba, shi ne mutumin da in aka aike shi sayen koko da safe, sai kokon ya yi sanyi ƙalau kafin ya dawo, saboda gaisuwa. Duk dattijon da ya hango sai ya cire takalmi ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Hajiya, ya aka ji da ruwan jiya. Har tsofaffin unguwarsu sukan gaji su ce, "To Jala, tashi haka nan, Allah ya yi albarka." Albarka kam ya tara ta, aiki ne dai babu. Ya yi karatunsa ya gama, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya gaji, shiru. Matarsa Rahamatu, ga goyo a baya, ita ke suyar awara a ƙofar gida, kuma awarar nan ita ke riƙe da su.

Ana haka sai Kawu Daudu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ke harkar hatsi a Roni, ya sayi sabon mashin zai bayar a yi acaɓa. Ya ajiye shi a Kazaure wajen wani ɗan acaɓa mai suna Zaharadeen, ya kira Jalaluddeen ya ce, "Ga wanda zai koya maka. Ranar da ka iya, ka hau kai kaɗai ka kawo min shi har ƙofar gida. In na ga ka zauna a kansa kamar mutum, ka tafi da shi ka nema wa iyalinka abinci. In kuwa ba haka ba, ga yara nan kullum suna min zarya a kansa."

Wannan ita ce ƙofa ɗaya da ta taɓa buɗe wa Jalaluddeen, kuma ya sani.

A filin ƙwallon wata firamare suka yi ta koyo in an tashi yara. Zaharadeen kuwa bakinsa ba birki.

"Malam Jala, wannan fa mashin ne, ba surukinka ba ne. Daina jin kunyarsa, murɗa totur."

"Ina murɗawa."

"Lallashinsa dai kake. Saki kuloci a hankali. A hankali na ce, ba ka sake shi kamar ka taɓa garwashi ba."

Sannu sannu dai ya iya tayarwa, ya iya sa giya, ya iya zagaye fili ba ya sauke ƙafa. Sai dai fili fili ne. Babu tirela, babu keke-napep mai tsayawa ba sanarwa, babu kowa sai awaki, su kuma awaki ba a gaishe su.

Ranar da za a yi ta, bayan azahar, Zaharadeen ya miƙa masa makulli ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. Hannun daman nan daga yanzu ba naka ba ne, na totur ne. Kai sabon hannu ne, kar ka sake shi ko me ka gani. In ka haɗu da wanda ka sani, danna masa hon ka wuce."

"Hon? In dattijo ne fa?"

"To ɗaga masa na hagu."

Jalaluddeen ya kalle shi kamar ya ce masa ya ci da hagu a gaban liman. "Hagu kuma, Zaharadeen?"

"To sauka ka shimfiɗa tabarma, ka kwana a hanya. Sannan in ka shiga yashi kar ka damƙi birki, kar ka sassauta wuta, tafi kawai zai fitar da kai. Je ka, Allah ya kiyaye mana mashin."

"Ni fa?"

"Kai ma, in da hali."

Rahamatu ta fito har bakin lungu da matsamin awara a hannu. Ta ce, "Baban Sadiyya, ka yi bismillah. In ka dawo da shi, mu za ka fara ɗauka." Ya gyaɗa kai ya hau.

Cikin gari ya fara gane cewa duk Kazaure haushinsa ake ji. Keke ya shigo masa ta dama, mai kura ya tsaya a tsakiyar hanya yana waya, wani ɗan acaɓa ya wuce shi yana cewa, "Malam, gawa ka ɗauko ne?" Mashin ya mutu masa a gaban masu kayan miya, ya yi ta buga kik gumi na shiga masa ido, mata suna kallo suna ba shi shawara. Da ƙyar ya fita gari ya kama hanyar Roni.

Nan ma ba sauƙi. Wata babbar mota ta taho daga gaba, iskarta ta buge shi har sai da ya ji mashin ya yi gefe. Ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Bai yi nisa ba sai ga Baba Kura, aminin marigayi mahaifinsa, a bakin hanya da fartanya a kafaɗa. To ku kun san jiki da abin da ya saba. Kafin Jalaluddeen ya yi tunani, hannun dama ya riga ya tashi sama ya dunƙule, baki ya riga ya ce, "Barka da aiki Baba." Mashin ya yi sanyi, kai ya karkata hagu. Ya kai hannu a firgice ya cafko totur, sai ya murɗe shi gaba ɗaya. Mashin ya yi kuka ya bar kwalta, ya tsallake ɗan kwari, ya shiga gonar gyaɗar mutane yana tsalle a kan kunya, ya je ya mutu a tsakiya. Bai faɗi ba. Yadda aka yi bai faɗi ba, shi ma bai sani ba.

Baba Kura ya ƙaraso yana salati, ya taya shi turowa bakin titi, ya ce, "Ɗana, da ka wuce abinka ai da na gane." Ya yi masa addu'a ya tafi.

Jalaluddeen ya zauna a kan dutse. Ya kalli hanyar Kazaure. Komawa ta fi kusa. Ya ciro waya ya kira Zaharadeen.

"Ka faɗi?"

"A'a."

"Mashin ya fashe?"

"A'a. Gona na shiga."

"Noma ka koma? Ka saki hannu ko?"

Jalaluddeen ya kalli sawun taya a gonar gyaɗar.

"Na sani ai. To me kake so, in zo in goya ka? Ina da fasinja, Malam Jala. In ka juyo, ka taho da kaskon awara a ranka, shi za ka gada."

Zaharadeen ya kashe wayar. Maganar ta yi zafi, amma ita ta ɗaga Jalaluddeen. Ya tuna Rahamatu tsugune gaban wuta, hayaƙi na sa jaririyar tari. Ya hau, ya kama hannun mashin ya ce a ransa, wallahi ko wa zan gani, wannan hannu ba zai ƙara tashi ba sai na kashe mashin.

Kuma kun san wani abu? Daga nan sai abin ya fara zama. Garken shanu ya tsallaka, ya rage wuta ya tsaya daidai, mashin bai mutu ba, har Bafulatanin ya ɗaga masa sanda. Wata motar ta sake zuwa, ya matsa gefe ya riƙe kai, ta wuce. Ya sa giya ta sama, wadda bai taɓa sawa a fili ba. Gero ya yi tsayi dama da hagu, duwatsu suna matsowa suna wucewa, iska na shiga rigarsa tana busar da gumi. Kafaɗunsa suka sauko. Har ya fara tsara inda zai riƙa tsayawa ranar kasuwa, da yadda zai ɗaura wa Rahamatu buhun waken suya a baya maimakon ta ɗauko a ka. Ya kama kansa yana murmushi shi kaɗai. Rabon da ya ji shi mutum ne haka, ya manta.

La'asar ta yi sanyi ya shiga Roni.

Layin gidan Kawu Daudu yana barin kwalta ne ya gangara. Jalaluddeen ya sha bin sa da ƙafa, bai taɓa lura da abin da ya gani yau ba: duk yashin da ruwan damina ya kwaso daga sama, a ƙasan gangaren ya tara shi, daidai gindin dalbejiyar da Kawu ke zama. Ga su kuwa a kan tabarma an idar da salla. Kawu Daudu a tsakiya, mai unguwa a damansa, liman, da wasu dattawa, takalma jere a gefe, faranti da gyaɗa dafaffiya a gabansu. Duk suka ɗago suna kallonsa. Kawu har ya nuna shi da baki, alamar ga yaron nan da nake gaya muku.

Ya so ya tsaya tun daga sama ya sauka ya turo, amma kafin tunanin ya gama zuwa, gangare ya riga ya ja shi, tayar gaba ta shiga yashi ta fara rawa. In ya damƙi birki, zai zube a gaban Kawu. In ya ɗaga dama, ya ga abin da ya faru a gonar gyaɗa, kuma nan ba gona, tsofaffi ne a zaune. Hagu kuwa, ya ɗaga wa liman hagu?

Ya ƙara wuta kamar yadda aka koya masa. Kuma da ya zo daidai su, don kar a ce ya wuce bai ce komai ba, babban yatsansa ya danna hon.

Sabon mashin, sabon hon. Har kaji suka watse. Tayar baya ta kwashi yashi ta watsa a kan tabarma da farantin gyaɗa da babbar rigar mai unguwa. Shi kuwa ya fita daga yashin tsaf, ko tangaɗi babu, ya je ya tsaya a kan tsandauri can ƙarshen layi. Tuƙi mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa ke nan.

Ya kashe, ya turo mashin da ƙafa ya dawo. Ya kafe shi, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Barkanku da yamma. Kawu, mun same ku lafiya?"

Ba wanda ya amsa. Liman yana kaɗe carbinsa. Mai unguwa yana karkaɗe riga a hankali, bai ko kalle shi ba, ya ce wa Kawu, "Alhaji, na ɗauka irin yaran nan ne na tasha. Ashe ɗan yayarka Fatu ne."

"Shi ne," in ji Kawu.

"Wanda kake cewa ya fi kowa ladabi."

"Shi."

Jalaluddeen ya ƙara sunkuyar da kai. "Kawu, yashi ne. In na tsaya..."

"Yashin yau aka zuba shi?"

Jalaluddeen yana da bayani cike da baki: totur, birki, gonar gyaɗa, Baba Kura. Amma a gaban mai unguwa da liman, kowace kalma ya ƙara musu ce da babba, kuma shi bai taɓa koyon wannan ba.

Kawu Daudu bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. "Tuƙi kam ka iya, na gani da idona. Ni abin da nake tsoro ke nan da ƙarfen nan. Yaro yana hawa sai ya daina ganin mutane. Bai zama naka ba tukuna ka yi mana hon kamar awaki. In ya kwana biyu a hannunka kuma sai yaya?"

"Kawu, a yi haƙuri. Wallahi ba..."

"Ba komai. Kawo makullin."

Ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya jefa a aljihu, ya jawo farantin gyaɗa ya ture shi gefe.

"Shiga ka gaida mutan gida, ka sha ruwa. Ka kama hanya kafin magariba, motocin Kazaure ba sa daɗewa."

Liman ya ce, "Allah ya shirya mana zuri'a." Aka ce amin. Shi ma Jalaluddeen ya ce amin.

Bai iya shan ruwan ba. Ya fito ya hau gangaren da ƙafa, yashi na shiga masa takalmi. Kafin ya kai kwalta ya ji an tayar da mashin a bayansa, wani yana murɗa totur yana gwada kukansa, samari suna dariya. Bai waiwaya ba. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, ya duba, Rahamatu ce. Ya bar ta ta katse, ta sake kira, ya tsaya a bakin titi yana kallon sunan.

To jama'a, ga ku ga gangare, ga yashi, ga kawunku da liman da mai unguwa sun zuba muku ido, abincin gidanku kuma yana ƙarƙashinku yana rawa. Ban da cika baki, don na san rabinku ko keke ba ku iya ba: ku da me za ku yi?