Farar Kujerar Idris

Shekara goma sha biyar na ba ƙanena Idris, amma ranar da na shiga masallacin unguwarsu a Tudun Wada, ni ke sallah a tsaye, shi yana zaune kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu. In an yi ruku'u ya ɗan sunkuya, in an yi sujada ya ƙara sunkuyawa kaɗan, tumbi ya tokare shi ya tsaya. Ashe goshinsa ya yi wata takwas bai taɓa ƙasa ba. Ban ce masa komai ba a gaban jama'a, sai da muka shiga zaure.

"Idris, mi ya sami ƙafafunka?"

"Gwiwa ce, Yaya. Girma ne ya zo."

"Girman ya tsallake ni a Bungudu ya biyo ka Gusau? Wace mota ya shigo?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Idris ba rago aka haife shi ba. Na san lokacin da yake ɗauko buhun dawa daga gona har gida bai sauke ba. Ya shigo birni ya yi lodi, ya yi tuƙi shekara ashirin a hanyar Tsafe, daga baya direbobin layin suka naɗa shi shugabansu. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Ciyaman. Aikin Ciyaman kuwa zama ne a rumfa daga safe har la'asar. Kuma a tasharsu, direban da ya dawo daga hanya lafiya ba ya wuce rumfar shugaba hannu sake. Wannan ya kawo tsire, wancan balangu, wani lemon kwalba mai raɓa, wani burodi mai zaƙi. In ya ci na Mahadi ya bar na Abdulaziz, kafin azahar tasha ta ɗauka Ciyaman na da 'yan lele. Sai ya riƙa cin na kowa, wai shi adalci yake yi. Ya koma gida, matarsa Luba ta aje masa farar shinkafa, mai na yawo a kan miya, don kada a ce ba ta kula da miji. Shayin safe kuwa, da idona na ga cokali biyar na suga sun nutse a kofi guda.

Bayan sati biyu da wannan magana Luba ta kira ni a waya tana kuka. Jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa, harshensa ya yi nauyi na ɗan lokaci. Na iske su a asibiti. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata Huseina shekaru ba, amma ba ta da tsoro. Ta ce jininsa ya hau, suga ya yi yawa, kuma abin da ya faru gargaɗi ne. Na biyu in ya zo, ba kujera zai yi sallah a kai ba, a kwance zai yi. Ta rubuta magani, ta ce ya sha kullum. Sannan ta ce ya bar lemon kwalba da shayi mai suga, ya rage shinkafa da mai da gishiri, ya kama ganye da wake da tuwon dawa daidai ciki. Ya kuma yi tafiyar ƙasa kullum, ya fara da kaɗan har ya kai rabin awa.

Na dube shi na ce, "To, ka ji. An kawo ka ɗaki mai fanka, an ɗaura maka igiyar awon jini a hannu, don a gaya maka ka ci abin da Inna ta yaye ka da shi."

Na zauna a gidansa don in ga an fara. Safiyar farko muka fito da hantsi, ni da shi, za mu taka daga gida mu nufi tasha, iya inda ƙarfinsa ya kai. Ba mu wuce gida goma ba wata mota ta ci birki a gefenmu. Mahadi ne, direban Tsafe, mota cike da fasinja. Ya diro ko kashe ta bai yi ba, ya durƙusa.

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar? Kai, na gaba, sauko Ciyaman ya shiga!"

"Mahadi, wuce abinka," na ce. "Tafiya muke yi."

"Baba, ai na ga tafiya kuke yi, shi ya sa na tsaya. In wuce Ciyaman a ƙasa? Da wane ido zan shiga tasha?"

Da ƙyar muka rabu da shi. Taku ashirin, ga mai Keke ya sha gabanmu. Bayansa ɗan acaɓa, yana share mazauni da hularsa. Bayansa Abdulaziz, wanda ya rantse ba zai motsa ba sai an shiga, ya kashe mota a tsakiyar titi, na baya suka yi ta danna hon. Idris ya dube ni, ya dubi taron da ya fara haɗuwa, ya buɗe ƙofa ya shige. Tafiyar ranar ke nan. Kazar gidana ta fi shi nisa kafin ta sha ruwa.

Washegari muka bi ta lungu. Nan ma aka gan mu. Kafin kwana uku magana ta cika Gusau har Sabon Gari. Wasu sun ce arziki ya karye, ya sayar da mota yana ɓoyewa ta lunguna. Wasu sun ce fushi yake da direbobi, ya yi rantsuwa ba zai ƙara shiga motarsu ba. Ranar ta huɗu sai ga su su goma sha biyu sun zo ban haƙuri a kan laifin da ba su san shi ba, da katan uku na lemo da ƙullin kilishi kamar matashin kai.

Na ja Idris gefe. "Gaya masu gaskiya. Ka ce likita ta hana."

"Yaya, ba ka san tasha ba. Yau in na ce ba ni da lafiya, gobe mutum uku sun fara auna kujerata da ido."

"Wace kujerar? Ta rumfa ko ta masallaci? Don ta masallacin ban ga mai ƙyashinta ba."

Ya fita ya karɓi ban haƙuri, ya buɗe kwalba ɗaya ya sha a gabansu don su san ya yafe.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce wa Luba ta haɗa masa kaya da magungunansa, zai zo gaida dangi a Bungudu. Ta durƙusa nesa da ni ta ce, "Yaya, in sa masa gwangwanin madara ko biyu ne? Kada ya rame a ce..."

"A ce mi? Ramamme na tashi ya tafi kasuwa, Luba. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu kuwa, ke za ki riƙa juya shi."

A Bungudu babu wanda ya san Ciyaman, Idris ɗan Malam Sani kawai aka sani. Gonarmu ta nesa mun daɗe da barin ta, ta bakin gari nake nomawa, ita ma hanyarta ko amalanke sai ta yi dabara. Matata Delu ta kama shi da tuwon dawa miyar kuka, kwaɗon zogale, dafaffen wake, kunu ba suga. Daren farko ya dubi akushi ya ce, "Shi ke nan?" Delu ta ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe, mu ba mu da direbobi." Kwana uku yana kumbure-kumbure kamar yaron da aka hana zuwa kallon dambe. Ranar farko da muka nufi gona ya zauna sau huɗu kafin mu kai tsamiyar da ke rabin hanya, daga nan muka juyo. Ranar ta shida ya kai tsamiya bai zauna ba. Ranar ta goma ya kai gona, har ya tsinke ciyawa biyu yana huci, yana jira in yaba. Ban yaba ba. Ciyawa biyu ce.

Ranar ta goma sha ɗaya, muna dawowa da rana, na hango motoci biyar a ƙofar gidana. Sun biyo sawu. An jibge katan-katan a zaure, har da wani ɗan rago a ɗaure. Mahadi ya ga Ciyaman da ƙura har gwiwa, hula a hannu, sai idonsa ya kawo ruwa.

"Ranka ya daɗe, har abin ya kai ga noma? Don Allah ka dawo. Mu muka yi laifi, mu za mu gyara."

Idris ya fara gyaran murya zai shirya wata ƙarya. Na riga shi.

"Ku saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Ba ya fushi da ku, kuma motarsa na nan a gida an lulluɓe ta. Suga gare shi da hawan jini. Ku kuka ɗura masa, kwalba-kwalba, shekara bakwai, shi kuma ya buɗe baki. Wanda aka ce ya yi tafiya don ya rayu, kun hana shi taku ashirin. In so ne wannan, to ku rage, ya kusa kashe shi."

"Yaya!" Idris ya ce. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. "Ka tona ni a gaban yarana!"

Sai Mahadi ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wani ɗan katin ƙwayoyin hawan jini, ya ɗora kan tabarma.

"Wata tara ina shan wannan, Ciyaman. A bayan tasha nake ɓuya in haɗiye, kada a ce na tsufa a hana ni lodi."

Abdulaziz ya sosa ƙeya, shi ma ya fiddo nasa. Cikin mutum tara da ke zaune, huɗu na da magani a aljihu, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, kuma kowa na saya wa ɗan'uwansa lemo. Na rasa ma wa zan fara yi wa faɗa.

"To Baba," in ji Mahadi, "yanzu ya za mu yi? Mu dai ba mu iya wuce shi a ƙasa kamar ba mu gan shi ba. Kuma ba mu iya dawowa hanya hannu sake."

"Wa ya ce ku yi kamar ba ku gan shi ba? Hon ɗaya, ka ɗaga hannu, ka wuce. Wanda ya taka birki shi ne mai raina shi. Tsaraba kuma, a Tsafe an daina sayar da yalo ne? Babu zogale? Babu wake?"

Suka dubi Idris. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin da ke kan tabarma, sannan ya ce, ciki-ciki, "Ku yi yadda Yaya ya ce." Katan-katan ɗin suka koma cikin mota. Ragon kam ni na riƙe shi, yana nan yana kiwo.

Kada wani ya ɗauka daga nan hankali ya sauka a tasha. Mutanen ga ba su san tsaka-tsaki ba. Da ya koma Gusau, sai da Luba ta kira ni tana ƙorafi an cika mata tsakar gida da yalo, har maƙwabta sun fara rufe ƙofa in sun hango ta da kwano. Hon ɗayan nan kuwa, tunda kowace mota sai ta danna nata, mutanen layin sun san Ciyaman ya fito ko ba su leƙo ba. Sau biyu kuma ina kama shi da kilishi a aljihun 'yar ciki, ya ce na baƙi ne. Amma yana tafiyar, yana shan magani, likita ta ce jinin da sugan sun fara sauka, kada ya saki.

Bayan wata biyar na je na same shi ranar wata Laraba. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya. Aka kira azahar muka taka zuwa masallaci. Ladan ya jawo farar kujerar ya aje a ƙarshen sahu kamar kullum. Idris ya tsaya ya dube ta, sannan ya matsa ya shiga sahu kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa.

Da liman ya yi kabbarar sujada na ji gwiwoyinsa sun yi ƙara kamar an taka kara. Ya sauka a hankali, hannu, gwiwa, har goshinsa ya taɓa tabarma. Ina jin numfashinsa. Wajen tashi raka'a ta biyu ya makara, liman har ya daɗe da miƙewa shi yana kokawa da ƙasa. Hannuna ya so ya miƙa kansa ya taimaka masa, na hana shi. Ya tashi da kansa.

Da muka fito, zanen tabarma na kwance a goshinsa, idonsa ja. Sai ga Mahadi, wanda ashe yana sahun baya ya ga komai, ya tsallaka shagon da ke kallon masallaci da gudu, ya dawo da kwalba uku masu raɓa, bakinsa har kunne.

"Baba, yau dai ranar murna ce! Guda ɗaya kawai!"

Na cire takalmina na riƙe a hannu. Ya mayar da su.