Ranar da Auta Ta Sauya Ɗan Aike

Kowa a ofis Auta yake kiranta, don da sunan nan yayanta ke kiranta, kuma shi ya kawo ta aikin. Shi ya koya mata rubuta manhaja tun tana sakandare, a kan wata tsohuwar kwamfuta da sai an danne wayar cajinta kafin ta kama.

Yaya ne ya gina musu kwantena, wato wani ɗakin aiki a cikin kwamfuta, wanda duk ma'aikacin da ya buɗe zai tarar da kayan aiki iri ɗaya da na kowa. A ciki akwai manhajar da suke wa laƙabi da Ɗan Aike, don ita ke zuwa intanet ta ɗebo ƙananan manhajojin da aikinsu ya dogara a kansu. An yi ta fitar da sababbi, amma Yaya ya ɗaure nasu a kan tsohon da layin rubutu guda. In an tambaye shi dalili sai ya yi dariya ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi.

Bayan 'yan watanni kwantena ta ƙi tashi. Jan rubutu mai nuna kuskure ya cika kowace kwamfuta, rumbun da ake ɗebo kaya ya daina amsa wa tsohon Ɗan Aike. Oga ya zo ya tsaya a bayan kujerarta.

"Auta, mun ja iya ja. Sai an sabunta."

"Oga, a bari in tambaye shi tukuna."

"Je ki," in ji Oga.

Ta tarar da Yaya a gida zaune kusa da taga, da tawul a wuyansa. Ta ɗora masa kwamfuta a cinya, ta nuna masa layin.

"Yaya, me ya sa ka ɗaure shi?"

Ya gane layin, ta ga haka a idonsa. Ya ɗaga hannun hagu. "Ta... ta..." Ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya kasa sai ya bugi hannun kujera, ya juya fuska ga bango.

Anti, matarsa, ta fito daga kicin da sauri. "Don Allah ya isa haka, Auta. Likita ya ce kada a takura shi."

Auta ta koma ofis. Ta daɗe da yatsa a kan maɓalli kafin ta goge layin. Ta rubuta lambar sabon Ɗan Aike, ta sa kwantena ta ginu daga tushe. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya, gwajin buga takarda ya faɗi. Ta bi sawu, ta gano sabon yana ɗebo wata manhajar da ba ta jituwa da tsofaffin firintocin ƙananan shagunan magani da ke amfani da aikinsu.

Firinta. Kalmar da yake ta kokawa da ita ke nan, wutsiyarta kawai ta fito. Ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji ta.

Gyaran bai kai la'asar ba. Kwamfutoci suka dawo, aka yi mata tafi. Wani daga can baya ya ce, "Ashe abin ma ba wuya, da tuni an yi." Na kusa da shi ya zungure shi. A gefen kowane layi ana ganin sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe, ta duba, duk inda na Yaya yake yanzu nata ne.

Kafin a tashi Oga ya kira ta, yana ta juya biro a hannu.

"Sabon ma'aikaci zai fara mako mai zuwa. Teburin yayanki ne... ba na so baƙon hannu ya taɓa masa kaya."

Ita ta haɗa su a kwali: kofin shayi, tabarau, silifas ɗin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, hoton 'ya'yansa.

Da ta kai kwalin gidan Yaya, Anti ce ta buɗe mata ƙofa. Ta kalli kwalin, ta kalli Auta. Ta karɓa, ta tura shi can bayan buhun shinkafa, ta rufe da zane.

"Jiya ya sa na goge masa takalman aiki," ta ce a hankali. "Wanke fuskarki kafin ki shiga."